Kujera ta Bakwai

Duk wanda ya zauna a Tamanrasset kafin 2011 ya san ƙarar motar tankin ruwa, ya san kuma rige-rigen fito da jarkoki idan ta shigo unguwa. Gari ne a kan tudu, wajen mita 1,400 sama da teku, duwatsun Ahaggar sun yi masa ƙawanya, ruwan sama kuwa sai a shekara ba a ga na kirki ba. Rijiyoyin gefen kwari sun ishi mutane a zamanin da gidajen ba su fi a ƙirga ba. Amma farin 1973 da na 1984 sun koro jama'a daga Mali da Nijar, ma'aikatan gwamnati da sojoji suka gangaro daga arewa, 'yan kasuwa suka bi sawunsu, har ƙidayar 2008 ta samu mutum sama da 90,000, ban da irinmu da ba ma tsayawa a ƙirga mu. A shekarar ce gwamnatin Aljeriya ta aza harsashin aikin da aka daɗe ana zancensa: a jawo ruwa daga ƙarƙashin ƙasar In Salah, tafiyar kilomita 750 a cikin bututu, da tashoshi shida masu tunkuɗa shi, domin In Salah a gangare take, sai ruwan ya hau sama da mita 1,000 kafin ya iso.

Ni dai hannuna bai taɓa bututun nan ba. Rabon da ya faɗo mini a cikin aikin tebur ne da kujera.

Na iso garin ina saurayi, ta hanyar da kowa ke bi: Maraɗi, Agadas, Arlit, Assamaka, a tsallaka In Gezzam, sannan kilomita 400 na ƙarshe zuwa Tam, yadda ake taƙaita sunan. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya riga ni da shekaru masu yawa. Yana da shagon kafinta a Gat el-Wad, unguwar da ake ciniki da Hausa, ake faɗa da Hausa, hayaƙin masu nama kuma na tashi tun la'asar. Ƙofofi yake yi da tagogi da gadajen amare. Aikin ruwa da haƙar zinariyar Amesmessa, wadda ta fara ba da amfani a daidai lokacin, suka jawo kamfanoni manya da ƙanana, kowanne da direbobinsa da masu walda da masu gadi. Ba a kuma ba mutum hular kwano sai an zaunar da shi an karanta masa abubuwan da ke iya hallaka shi a wurin aiki. Zama kuwa sai da wurin zama. Ta nan arziki ya biyo ya same mu.

Wani kamfani ya kama hayar tsohon sito a hanyar filin jirgi, yana so a mai da shi ɗakin horas da ma'aikata. Tsawonsa mita 18, faɗinsa 10, ya miƙe daga gabas zuwa yamma. Tagogi a bangon kudu, ƙofofi biyu a bangon arewa, ga wani ƙaton ginshiƙi a tsaye wajen mita shida daga bangon gabas. An shimfiɗa tayil mai santimita 40, wanda daga baya ya zame mana ma'auni, har muka daina zaro awo daga aljihu. Aka ɗora aikin a wuyan wata injiniya 'yar ƙabilar Kabil daga arewacin ƙasar. Muna ce mata Madam, ita kuma tana ce wa Kawu Ammi, yadda 'yan ƙasar ke kiran dattijo. Umarnin da aka ba ta gajere ne: mutum 60, kowa da wurin rubutu, kowa ya ga majigi.

Madam tana da wani littafi mai kauri da bangonsa ya sha hannu har ya yi baƙi, fassarar Faransanci ta littafin Ernst Neufert, Bajamushen da ya fara fitar da shi a 1936. A ciki an auna ɗan Adam a tsaye da a zaune da a durƙushe, an faɗi sararin da yake bukata in zai ci abinci, in zai yi rubutu, in zai gifta wani a lungu. Kawu bai yi boko ba, amma lamba ba ta ɓuya masa. Ya yi ta juya shafuka yana duban 'yan mutanen da aka zana, can ya ɗago ya ce da Larabcinsa na kasuwa, "Madam, mutanen nan duk babu mai babbar riga a cikinsu." Ta yi dariya har da dafa bango. Shi kuwa da gaske yake. Lissafinta santimita 60 na bakin tebur ga kowane mutum. Kawu ya ce wannan na mai 'yar shat ne a bakin teku. Mutumin Tam a watan Janairu, lokacin da sanyin asuba ke kusan daskarar da ruwa, da riga biyu da alkyabba a sama, ba zai sake a ƙasa da 75 ba. Gardamar ba ta yi nisa ba, don an riga an yi odar tebura 20 daga arewa, kowanne tsawon santimita 180, faɗin 50, tsayin 75, da kujeru masu tsayin 45. Tebur ɗaya mutum uku, ko ana so ko ba a so.

Abu na farko da ta koya mini, har yau kuma da shi nake cin abinci, shi ne ba a fara jera ɗaki daga kujera. Daga abin da za a kalla ake farawa. Ta zaɓi bangon yamma ya ɗauki farin allon majigi, don ginshiƙin ya koma bayan masu kallo, hasken taga kuma ya shigo musu ta gefe. Tsayin allon santimita 180. Na sahun gaba, in ji ta, kada kusancinsa ya gaza ninki biyu na tsayin allo, in ba haka ba wuyansa ya sage kafin azahar. Na ƙarshe kada nisansa ya wuce ninki shida, don ƙananan rubutu ba za su karantu ba. Muka ƙirga tayil 9 daga bango muka ja layi da alli, muka ƙirga 27 muka ja wani. Gindin allon ta ce a ɗaga shi santimita 120 daga ƙasa, ya haye kawunan zaunannu. Nan Kawu ya rama: ya ƙara faɗin tafin hannu biyu saboda rawani, ita kuma ba ta ce uffan ba.

Saura lissafi ne mai sauƙi. Bayan kowane tebur a bar santimita 90, yadda mutum zai ja kujera ya miƙe bai zubar wa na bayansa da alƙalami ba. Hanya a tsakiya tayil uku, a jikin kowane bango tayil biyu. Tebura huɗu a sahu, mutum 12, sahu biyar, 60 cif. Ƙofar da ke kusa da allo aka rufe ta amma ba a sa mata kwaɗo, ba a kuma ajiye ko tsintsiya a gabanta, don ta ranar gobara ce. Shiga da fita ta ƙofar baya, yadda makararre ba zai ratsa tsakanin malami da ɗalibai yana sallama ba.

Sai ga mita bakwai da ɗoriya a gabashin ɗakin, daga layin alli na biyu zuwa bango, babu komai. Manajan kamfanin ya zo ya gani, ya ce kuɗin haya ne ke kwance a banza, a cika wurin da kujeru. Madam ta ce wanda aka zaunar a can ba zai ga komai ba sai haske. Suna cikin haka Kawu ya aike ni kasuwa na sayo tabarmi. Alƙibla daga Tam kusan gabas sak take, saboda haka masu salla bangon gabas suke fuskanta, tebura na bayansu, babu mai gifta musu. Mai salla yana cin santimita 60 a faɗi, 120 a tsawo. Sahu huɗu na mutum 16 suka ɗauke kowa har da malami. Manaja mai salla ne, maganar ta mutu a nan.

Ranar da aka buɗe ɗakin kowa ya yaba. Sahu ya miƙe ɗoɗar, ba teburin da ya kauce da ko yatsa ɗaya, manaja ya ɗauki hoto ya aika Aljiyas. Sai dai ɗakin ya zo da wata cuta da ba ta fitowa a hoto, wato shiru. Malamin da aka turo yana zuba Faransanci, yana gauraya shi da Larabcin bakin teku mai sauri, yana canza hotuna. Waɗanda suka yi makaranta sun kame sahun gaba, su kaɗai ke gyaɗa kai. Sauran, Abzinawan Ahaggar da na Ayar da na Adag, da Larabawan Tuwat, da 'yan ƙwadagon yini irin namu, suna baya tamkar fasinjojin motar Arlit, kowa ƙeyar na gabansa yake kallo yana jiran a iso. In malam ya ce akwai tambaya, ko tari ba a yi. In kuma wani ya yi ƙarfin hali ya yi magana daga bayan amawali, malam bai san bakin da ta fito ba, sai ya juya ya amsa wa wani daban.

Hutun shayi minti 15 aka rubuta a takarda. Wanda ya rubuta bai san shayin Tam ba. Zagaye uku ne, kowanne sai ya dahu a kan gawayi, a yi ta ɗaga buta ana tsiyayawa daga sama har kumfa ta hau bakin finjali. Wanda ya sha na fari ya tashi ya ci mutuncin mai buta. Mutane kan fita inuwar bangon arewa su zube a ƙasa, biyar nan, shida can, sai an kai kusan awa kafin a tattaro su. Manaja na duban agogo yana tsaki. Kawu kuwa, da ke gyaran ƙyauren ƙofar baya a ranakun, kunnensa na wajensu. Abin da ya gani shi ne a kowace da'ira akwai mutum ɗaya da ya share rairayi da tafin hannu yana zane da yatsa: ga famfo, ga inda ake rufe shi, ga inda bai kamata ka tsaya ba in an sake iska. Wannan na bayani da Tamashek, wancan da Hausa, na can da Larabcin Tuwat, ana musu, ana dariya, ana goge zanen a sake. Kawu ya leƙa ofis ya ce, "Madam, zo ki ga makarantarku. Ga ta can a ƙasa."

Ta zo ta tsaya ta daɗe tana kallo. Abin da ta fara fahimta shi ne mutanen nan suna magana ne in suna ganin fuskokin juna. Saboda haka da aka zo horas da shugabannin ƙungiyoyin aiki, su 24, ta sa muka jera tebura takwas a siffar harafin U, uku a kowane gefe, biyu a gindi, bakin na kallon allo. Malaman horaswa suna son wannan jeri ƙwarai, don malami na iya shiga tsakiya ya isa gaban kowa, kuma babu sahun baya da za a ɓuya. A Aljiyas ko Faris ina jin yana aiki. A ɗakinmu shirun ya ninka na da.

Dalilin ba ya cikin littafin Madam. Wajen Abzinawa saurayi ba ya sakin baki a gaban surukinsa ko yayan mahaifinsa. Da zarar ya ga dattijo na fuskantarsa sai ya ja amawali har ƙarƙashin ido, ko ruwa ba zai sha ba balle ya ce bai gane ba. Mu Hausawa ba baƙin wannan ba ne. Wa ya taɓa ganin yaro na ja-in-ja da malami alhali surukinsa na zaune yana kallonsa? Garin kuma ƙarami ne ta fuskar dangi, kusan kowa ya auri 'yar wani ko yana neman ta. A jerin sahu ko ba komai mutum na iya fakewa da ƙeyar wani. U kuwa ta tsirar da kowa a idon kowa. Dattawan su ma suka yi gum, don babba ba ya so yara su ga bai san abu ba. 'Yan matan da ke aikin ofis ne kaɗai suka ji daɗin jerin, domin a can maza ke rufe fuska, mata kuwa bakinsu a sake yake, su suka riƙe zaman da tambayoyi har aka tashi.

Kawu bai ce komai ba sai da ya ƙara kwanaki yana lura da masu shayi. Ya ga da'ira ba ta cika wuce mutum shida ko bakwai ba, saboda iyakar abin da buta ɗaya ke shayarwa ke nan. Ya ga kuma ba a gauraye ake zama ba: sa'a da sa'a, masu harshe ɗaya wuri ɗaya, suruki can nesa da suruki, kuma ba wanda ya tsara musu. Wani dare muka haɗa tebura biyu-biyu gefe da gefe, kowane haɗi ya ba da santimita 180 a tsawo, 100 a faɗi, muka juya tsawon ya nufi allo. Uku a wannan gefe, uku a wancan, kowa in ya ɗan karkata kai ya ga majigi, in ya miƙe ya ga abokinsa. Na bakin-baki suka samu inda za su fitar da gwiwar hannu, 75 ɗin Kawu ta dawo ta bayan gida. Kan teburin da ke wajen allo muka bar shi fili don kada wani ya ba malami baya. A ɗaya kan kuwa Kawu ya ajiye kujera guda, ta bakwai, wadda ba ta kowa ba ce.

Madam ta tambaye shi ta wace ce. Ya ce ta mai zane a rairayi ce.

Ba a rubuta suna a kan tebur ko ɗaya ba. Da safe mutane suka shigo suka rarraba kansu daidai yadda suke yi a inuwar bango. Aka roƙi malam ya riƙa tsayawa bayan kowane ɗan bayani, ya bar tebura su tauna. Wanda ya ji harshen malam kuma ya iya na teburin sai ya koma kujera ta bakwai ya maimaita musu. Wani lokaci malam da kansa ke zagayawa ya zauna a kai, kuma nan na ga abin da ban manta ba: tambayar da mutum ba zai yi wa tsayayye ba, yana yi wa zaunanne. Malamin nan da muka ɗauka mai girman kai ne, ashe tsayuwa ce ta mai da shi haka.

Jerin yana da tsadarsa, kada a ce na ɓoye. Rukuni uku ne ke shiga a faɗin ɗakin, biyu a tsawo kafin a taka layin alli na biyu. Shida sau shida, 36. Filin da ya ɗauki mutum 60 a sahu, kowa na cin murabba'in mita 1.2, yanzu kowa na cin 2. Manaja ya yi tsalle ya dire, ya ce an sace masa mutum 24 a kowane zama, kuma kowane ƙarin zama kuɗin malami ne da na otel. Madam ta ce ya zaɓa, ko 60 da za a sake kira bayan wata guda saboda ba su iya riƙe tukunyar kashe gobara ba, ko 36 da aka gama da su. Ya yarda a gwada, daga gwaji kuma abin ya zauna. Sai wata matsalar ta ɓullo: tebura shida na magana lokaci guda a ɗaki mai tayil da rufin kwano, amo ya hana kowa jin kowa. Muka rataya barguna masu kauri a bangon arewa, muka ƙara wasu a tagogin kudu, suka shanye amon suka kuma tare ranar da ke wanke hoton majigi. Murhun shayi ya dawo bakin ƙofar baya, ana miƙo finjali har tebur, hutun da ake faɗa a kansa ya narke a cikin darasi.

Ni ma na zauna a kujerar nan. Na yi lakwal a Maraɗi gwargwadon da zan ji Faransanci, saboda haka ranar da teburin masu jin Hausa ya rasa tafinta sai Madam ta yafito ni daga inda nake tsaye da guduma. Wata rana ana darasin abubuwan da ke cutarwa ba a gan su da ido ba, na faɗa teburin wasu dattawan masu gadi. Ɗaya daga cikinsu, Ba'abzine mai jin Hausa sosai, ya bari na gama sannan ya ce, "Yaro, ka san In Ekker?" Na ce, "Na ji suna, Baba." Wuri ne kimanin kilomita 150 arewa da Tam, inda Faransa ta yi gwajin makaman nukiliya 13 a cikin dutse tsakanin 1961 da 1966, kuma a na ranar 1 ga Mayu 1962 dutsen bai riƙe ba, ƙura mai guba ta fito fili. Ya ce yana matashi ya yi leburanci a can, shi da 'yan uwansa, kuma ba wanda ya taɓa zaunar da su ya ce ga abin da ke cikin ramin. Bayan an tashi mutane suka yi ta kwasar waya da ƙarafa daga wurin suna kaiwa gida. Ya faɗi haka a hankali, ga mutum shida, fuskarsa a rufe. Na tabbata da a sahu na biyar yake, ko a gindin U, da ya koma gida da maganarsa. Malam ya zo ya karɓi kujerar daga hannuna, darasin ranar ya ƙare a teburin.

Aikinmu bai tsaya ga jeri ba. Teburan sun yi tafiyar kusan kilomita 2,000 a bayan mota, ta Gardaya da In Salah da kwazazzabon Arak, kuma an ƙera su ne a iskar bakin teku mai laima. Katako yana shan ruwan iska yana kuma amayar da shi. Da ya shigo busasshiyar iskar Ahaggar sai ya tsuke, gam ya saki, ƙafa ta fara rawa. Shi ya sa Kawu ba ya sa wa sabon falanki zarto sai ya yi makonni a jingine a shago ya saba da garin. Kowane ƙarshen mako muna bin teburan ɗaya bayan ɗaya muna ɗaure noti. Kujerun malamai masu taya kuwa rairayi ya cinye su cikin ɗan lokaci, muka cire tayoyin muka huta. Ƙafafun ƙarfe na ƙara a kan tayil har haƙori ya yi tsami, sai muka yanka tsohuwar tayar mota muka yi musu takalma. Wayar majigi muka binne ta ƙarƙashin siririn katako don kada ta harɗe dattijo.

Da farko daren Laraba muke wannan aiki, don a lokacin hutun mako a Aljeriya Alhamis da Juma'a ne. A watan Agusta 2009 gwamnati ta mai da shi Juma'a da Asabar, mu ma muka koma daren Alhamis. Waɗannan darare su na fi kewa. Ɗaki ba kowa sai mu biyu da rediyo, Kawu na tsaye a gindin allo yana runtse ido ɗaya yana cewa, "Ɗan nan, matsa da shi rabin tayil." Kafin mu tashi sai ya zauna a kowace kujera, ɗaya bayan ɗaya, ya duba ko ana ganin kusurwoyin allo huɗu daga nan. In mun gama mu biya wajen mai nama a Gat el-Wad, a yanka mana na rago da albasa a takarda. In lokacin kasuwar Assihar ne, da 'yan kasuwar Nijar da Mali ke cika gari, mu zaga rumfunan mutanenmu mu ji labarin damina da farashin gero.

Tun da na dawo gida na shiga ɗakunan taro da dama, a Maraɗi, a Yamai, a Kano. Kusan duk jeri ɗaya ne: babban tebur a kan dandamali an lulluɓe shi da leshi, ga furen roba, ga ruwan gora, sannan kujerun roba sahu-sahu har bango, na ƙarshe ko fuskar mai magana ba ya gani. A kira shi taron ƙara wa juna sani, alhali an jera ɗakin yadda sani ba shi da hanyar bi sai daga sama zuwa ƙasa. Ana kashe kuɗi a kan malami da abinci da jakar rabo, jerin kujeru kuwa a bar wa yaron da ya zo shara da asuba, ba a ko gaya masa su wa za su zauna ba. Ni a ganina wanda zai jera ɗaki ya kamata ya ga sunayen mahalarta kafin malami ya gani, ya san wa ke jin nauyin wa, wa ke jin wane harshe. Ba kuma kowane taro ke son rukuni ba. In sanarwa za a yi wa mutum 200, sahu ya fi, a faɗa a tashi.

A watan Afrilu 2011 Shugaba Buteflika ya zo ya buɗe aikin, kwangiloli suka fara naɗe tabarma. Abin da ya biyo baya kowa ya sani: Libiya ta rushe, arewacin Mali ya kama wuta a 2012, iyaka ta yi tsauri. A Oktoba 2013 mutum 92, yawancinsu mata da yara daga yankin Kance, suka mutu da ƙishirwa a hanyar da na bi ina saurayi, daga ƙarshen 2014 kuma aka shiga kwasar 'yan Nijar a manyan motoci ana mai da su gida. Kawu bai jira an kwashe shi ba, ya sayar da injinansa ya dawo da ƙafarsa.

Amma kafin nan ya ci kuɗin teburan sau ɗaya na ƙarshe. Da kamfanin ya saki siton aka yi gwanjon kaya. Wata makaranta ta kwashi kujerun, barguna suka bi masu gadi, wani mai nama ɗan Tawa ya sayi tebura shida don sabuwar rumfarsa. Ba a yi mako biyu ba ya turo su shagonmu a kan amalanke. Ya ce masu sayen namansa sun ƙi hawa benci, tabarma suke nema, teburan kuma sun yi musu tsayi. Kawu ya sa aka zaunar da ni a ƙasa na tanƙwashe ƙafa, ya auna daga tabarma zuwa gwiwar hannuna, ya ja layi a santimita 30. Ya miƙo mini zarton ƙarfe ya ce in fara da na kusa da ƙofa, kuma in tara guntayen ƙafafun wuri ɗaya, akwai mai walda da ya riga ya yi musu ciniki.